Dawwamammen Noma: Yadda Ake Tsara Gona Bisa Layin Daidaito Don Tare Ruwa da Kare Jari

'Yan kasuwa da ma'aikata da dama mazauna biranen ƙasar nan suna sayen gonaki a bayan gari da niyyar kafa lambu, ko gidan gona inda za su haɗa noma da kiwo. Akasarinsu sukan fara da kewaye fili, da haƙa rijiyar burtsatse, da sayen taki da iri. Abin da ba kasafai ake sa shi cikin lissafin farko ba shi ne hanyar da ruwan sama yake bi a cikin gonar, alhali kuwa ruwan da ba a shirya masa wurin tsayawa ba yana iya kwashe takin da aka saya da tsada, haɗe da ƙasar noman kanta, a cikin damina guda.

Wannan matsala ta ƙara nauyi tun bayan cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, domin kuɗin tayar da injin ban ruwa ya hau, haka ma kuɗin dakon taki. Saboda haka duk ruwan da gona za ta iya riƙewa da kanta, rangwame ne kai tsaye a kan kuɗin da mai ita zai kashe. A nan ne tsarin da ake kira famakalca, wato dawwamammen noma, yake jan hankalin masu zuba jari, musamman ɓangarensa na gyara ƙasa bisa layin daidaito.

Lissafin ruwa da ƙasa

Ruwan sama na milimita 1 da ya sauka a kan fili mai faɗin hekta 1 ya kai lita 10,000. Ke nan a yankin da yake samun milimita 800 a shekara, kowace hekta tana karɓar lita miliyan 8 ba tare da an biya ko kwabo ba. Tambayar da ta shafi mai gona ita ce nawa ne daga cikin wannan ruwa yake shiga ƙasa, nawa ne kuma yake gangarawa rafi.

A arewacin Nijeriya ruwan yakan zo ne da ƙarfi cikin ɗan lokaci, sau da yawa a farkon damina lokacin da gonaki suke tsirara, babu ganye babu ciyawa. Ɗigon ruwa yakan farfasa ƙasar sama, ƙananan ɓarɓashinta su toshe kafofin da ruwa zai bi, fuskar ƙasa ta yi ɓawo. Da zarar haka ta faru, sai ruwan ya taru ya bi gangara, yana ƙara gudu yana ƙara ƙarfin ɗaukar kaya. Idan aka rasa ƙasar sama mai kaurin milimita 1 kacal a hekta guda, abin da ido ba zai ma lura da shi ba, an yi asarar kimanin tan 13 zuwa 15 na ƙasa mafi albarka a gonar. Samuwar santimita guda na irin wannan ƙasa kuwa yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru. Da haka ne gona mai kyau take komawa fako, ƙaramar hanyar ruwa kuma ta zama kwazazzabo.

Asalin tsarin

Sunan famakalca ya fito ne daga tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, inda wani malamin jami'a mai suna Bill Mollison da wani ɗalibi mai suna David Holmgren suka tsara shi a tsakiyar shekarun 1970, suka kuma buga littafinsu na farko a kansa a 1978. Manufarsu ita ce a tsara gona yadda daji yake tafiyar da kansa: itatuwa, da amfanin gona, da dabbobi, da ruwa, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa, ta yadda abin da ake sayowa daga waje zai riƙa raguwa shekara bayan shekara. Mollison ya rasu a 2016, amma an ci gaba da koyar da tsarin a ƙasashe masu yawa.

Ɓangaren da ya shafi ruwa da yanayin ƙasa ya girmi sunan. Wani injiniyan haƙar ma'adinai na Ostireliya, P. A. Yeomans, ya bayyana tsarinsa na bin siffar tudu da kwari wajen baza ruwa a gona tun a 1954. Shi ne kuma ya jera abubuwan da ke cikin gona gwargwadon wahalar canza su: yanayin sama, siffar ƙasa, ruwa, hanyoyi, itatuwa, gine-gine, shinge, sannan ƙasar noma a ƙarshe. Darasin jerin shi ne a fara yanke shawara a kan abin da ya fi wuyar gyarawa daga baya. Wanda ya gina ɗakin ajiya a kan hanyar ruwa, ko ya fitar da hanyar mota a miƙe daga tudu zuwa kwari, ya sayi matsalar da zai riƙa biya duk shekara. Hausawa suna cewa tun ran gini tun ran zane.

A Amurka ma, bayan guguwar ƙurar da ta lalata gonakin tsakiyar ƙasar a shekarun 1930, gwamnati ta kafa hukumar kare ƙasar noma a 1935, ta kuma yaɗa huɗa a gicciye. Gwaje-gwajen da aka yi a can sun nuna cewa a gangara mai sauƙi, wannan huɗa kaɗai tana iya rage zaizayar ƙasa da kusan rabi. A nan gida kuwa, mazauna duwatsun Gwoza a Jihar Borno da na Sukur a Jihar Adamawa sun daɗe suna gina matakalan dutse a jikin tsaunuka domin noma. Hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma waɗannan matakalai suna cikin dalilan da aka duba.

Mene ne layin daidaito

Layin daidaito shi ne layin da ya ratsa gona a gicciye, wanda kowane wuri a kansa yake da tsayi ɗaya da sauran. Misalinsa mafi sauƙi shi ne bakin ruwan tafki: duk yadda gaɓar ta karkace, ruwan yana taɓa ta ne a tsayi ɗaya. Mutumin da yake tafiya a kan irin wannan layi ba ya hawa, ba ya gangarawa. Ruwa kuma kullum yana ratsa layin ne kai tsaye zuwa ƙasa. Don haka duk abin da aka gina a kan layin, kunya ce ko jeren duwatsu ko kwari, zai tare ruwan ya baza shi daidai a tsawon gonar. Idan kuwa ginin ya kauce wa layin, ruwa zai taru a wuri mafi ƙasa, ya fasa, ya haƙa rami fiye da wanda ake gudu.

Ana auna gangara ne da kashi cikin ɗari. Filin da ya sauka da mita 1 a cikin tafiyar mita 100 yana da gangarar kashi 1 cikin 100. Yawancin gonakin tudu na ƙasar Hausa suna da gangara mai sauƙi wadda ido yake ɗauka shimfiɗaɗɗen fili ne, shi ya sa ba a dogara da ido wajen wannan aiki.

Yadda ake gano layin

Akwai kayan aiki biyu masu araha. Na farko shi ne ma'auni mai ƙafa biyu, wanda ake haɗawa da sanduna uku a siffar harafin A. Ana ɗaure dogayen sanduna biyu masu tsawo ɗaya a sama, a buɗe ƙafafunsu kimanin mita 2, a gicciya ta ukun a tsakiya, sannan a rataya igiya daga ƙololuwa da dutse a ƙarshenta. Kafin a fara aiki sai an daidaita shi. Ana kafa shi a ƙasa, a yi alama inda igiyar ta taɓa sandar tsakiya, a juya shi kowace ƙafa ta koma gurbin 'yar'uwarta, a sake yin alama. Tsakiyar alamun nan biyu ita ce shaidar daidaito. Daga nan sai a kafa turke a gefen gona, a ɗora ƙafa ɗaya a gindinsa, a riƙa matsar da ɗaya ƙafar sama ko ƙasa har igiya ta tsaya a kan shaidar, a kafa turke na biyu. Haka za a yi ta juyawa har a kai ɗaya gefen. Layi mai tsawon mita 100 yana buƙatar juyi 50.

Na biyu shi ne siririn tiyo mai haske irin wanda magina suke amfani da shi wajen daidaita gini. Ana samun mai tsawon mita 10 zuwa 20, a cika shi da ruwa, a fitar da iskar da ke ciki, a ɗaure kowane baki a jikin sanda mai alamomin awo iri ɗaya. Mutum biyu ne suke riƙewa. Duk inda ruwan ya tsaya a alama ɗaya a sandunan biyu, to gindin sandunan yana kan tsayi ɗaya. Tiyo ya fi sauri, yana kuma nuna yawan gangara. A babbar gona mai hekta goma ko fiye, ɗaukar safiyo mai na'ura ya fi arha a kan gyaran kuskure.

Tazarar da ke tsakanin layi da layi ta dogara ne ga gangara. Idan aka yanke cewa kowane layi zai kasance santimita 50 ƙasa da na samansa, to a gangarar kashi 2 cikin 100 tazarar za ta zama mita 25, a gangarar kashi 5 kuma mita 10. Wannan lissafi yana da ma'ana ga aljihu. Hekta guda a fili na farko tana buƙatar aikin mita 400, a fili na biyu kuwa mita 1,000. Mai niyyar sayen gona zai yi kyau ya auna gangararta kafin a yi ciniki.

Abin da ake ginawa a kan layin

Mafi arha shi ne juya huɗa. Manoma da yawa suna fitar da kunya daga tudu zuwa kwari don sauƙin jan garma, ko don bin iyakar gona, kowane kwarin kunya kuma sai ya zama magudana. Idan aka fitar da kunyoyin a gicciye, suna bin turakun da aka kafa, ba a ƙara kashe komai ba in ban da ɗan jinkirin juya shanu ko tarakta. Wasu sukan ƙara da datse kwarin kunya da ƙaramar ganuwa duk bayan taku biyu ko uku, domin ruwan ya tsaya inda ya sauka.

Inda ake da duwatsu, ana jera su a kan layin bayan an ɗan tona gurbi mai zurfin santimita 5 zuwa 10, manya a ƙasa ƙanana a sama, har jeren ya kai tsayin santimita 25 zuwa 30. Jeren duwatsu yana rage gudun ruwa ne ya bar shi ya tace ta tsakani, ƙasa da taki su kwanta a bayansa. Saboda ruwa yana wucewa, da wuya ya fashe. Babban kuɗinsa shi ne dakon dutsen.

Inda babu dutse, ana dasa layin ciyawa mai ƙarfin saiwa, kamar gamba ko jema, a matse, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Bankin Duniya ya tallata wani nau'in jema a Indiya a shekarun 1980 saboda wannan aiki, domin saiwarta tana nutsewa mita 2 zuwa 3. Gamba kuma tana ba da abincin dabbobi da kayan zana, waɗanda suke da kasuwa a rani.

Aikin da masu famakalca suka fi shahara da shi shi ne kwarin tare ruwa. Ana haƙa dogon kwari mai shimfiɗaɗɗen ciki a kan layin daidaito, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangara ta zama ganuwa, a dasa itatuwa a kan ganuwar da bayanta. Ruwa yana cika kwarin, ya nutse a hankali, ya jiƙa ƙasar da ke ƙasa da shi har bayan ɗaukewar damina. Girman kwarin ana lissafa shi ne da ruwan da zai karɓa. A ɗauka filin da ke sama da shi yana da faɗin mita 20 da tsawon mita 100, aka kuma yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya. Abin da ya sauka lita 100,000 ne. Idan rabinsa ya gangaro, kwarin yana buƙatar ɗaukar lita 50,000, wato faɗin mita 1 da zurfin rabin mita a tsawon mita 100. Tun da wata rana za a yi ruwan da ya fi wannan, dole ne a bar mafita: wani yanki na ganuwar da aka rage wa tsayi, aka shimfiɗe shi da dutse ko ciyawa, inda rarar ruwa zai malala a baje zuwa layi na gaba.

A kan fako kuwa, inda ƙasa ta ƙeƙashe garma ba ta shiga, ana amfani da tassa da rabin wata. Tassa ƙananan ramuka ne masu faɗin santimita 20 zuwa 40 da zurfin 10 zuwa 20, waɗanda ake haƙawa a rani, a tara ƙasarsu a gefen gangara, a zuba tafin hannu ɗaya ko biyu na takin gargajiya a ciki. Takin yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa ta buɗe wa ruwa hanya. Idan aka bar mita 1 tsakanin rami da rami, hekta tana ɗaukar ramuka 10,000. Rabin wata kuma ganuwa ce mai siffar jinjirin wata, faɗinta kimanin mita 4, bakinta yana fuskantar tudu, ana jera su a saɓe a kan layin daidaito, kimanin 300 a hekta.

Abin da aka gani a maƙwabta

Hujja mafi ƙarfi a kan waɗannan dabaru ta fito ne daga ƙasashen Sahel bayan fari na shekarun 1970 da 1980. A yankin Yatenga na Burkina Faso, wani shiri na ƙungiyar Oxfam da aka fara a 1979 ya koya wa manoma amfani da tiyon ruwa wajen jera duwatsu. A yankin ne kuma wani manomi, Yacouba Sawadogo, ya inganta ramukan shuka na gargajiya ta hanyar faɗaɗa su da zuba taki, har ya mayar da fako kurmi. Ya sami lambar yabo ta duniya a 2018, ya rasu a 2023. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta 200,000 zuwa 300,000 a tsakiyar ƙasar ta waɗannan hanyoyi. Filin da a da ba ya ba da komai yakan ba da kilo 300 zuwa 400 na hatsi a hekta a shekarar ƙarancin ruwa, ya kuma kai kilo 1,500 a shekara mai kyau.

A Jamhuriyar Nijar, wasu manoman Illela ta jihar Tawa sun ziyarci Yatenga a 1989, suka dawo da dabarar, ta bazu daga gona zuwa gona. Abin da ya biyo baya ya shafi 'yan kasuwa kai tsaye: fakon da a da ba wanda yake so ya sami masu saye, farashinsa ya tashi, aka kuma sami matasa da suka mai da haƙar tassa sana'ar rani. A Keita, cikin jihar ta Tawa, shirin da Italiya ta ba da kuɗinsa tun daga 1984 tare da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya gyara fiye da hekta 30,000, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin.

A jihar Maraɗi, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa kututturan itatuwan da ake sarewa a gonaki suna nan da ransu a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sassabe tohonsu duka, sai a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a bar su su girma. Wannan sassaben zamani, tare da ƙoƙarin manoman Maraɗi da Damagaram, ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Cikinsu akwai gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya yi wa shuka inuwa, yana kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi.

A Kenya ma, binciken da aka buga a 1994 a kan gundumar Machakos ya nuna cewa tsakanin 1930 da 1990 jama'ar wurin sun ninka kusan sau biyar, amma zaizayar ƙasa ta ragu, saboda manoma sun gina matakalai a gonakinsu da kuɗin da suka samu daga kasuwar Nairobi. Ɗaya daga cikin masu binciken, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana koyarwa a Zariya da Kano.

Tsarin gidan gona

Bayan ruwa, abu na biyu da famakalca ya dogara a kansa shi ne nisa. Ana raba gona shiyya-shiyya gwargwadon yawan zuwan da kowane aiki yake buƙata. Abin da ake dubawa kullum, kamar lambun kayan miya, da akurkin kaji, da wurin renon dashe, yana zama daf da gida. Bayansa sai itatuwan marmari da garken awaki, sannan gonar hatsi, sannan makiyaya da itatuwan itace, a ƙarshe kuma a bar wani yanki ba a taɓa shi ba. Ga mai biyan ma'aikata, wannan tsari yana rage lokacin da yake tafiya a zirga-zirga.

Ana kuma ajiye kowane abu inda sharar wani za ta zama kayan aikin wani. Garke yana zama sama da lambu, domin takinsa ya gangara ba sai an ɗauka ba. Tankin ruwa yana zama a tudu, ruwa ya sauko da kansa ba tare da inji ba. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a yankin da yake samun milimita 800, yana iya tara har lita 80,000 a shekara. Karan dawa da harawa suna komawa ga dabbobi ko su rufe ƙasa, maimakon a ƙone su. Shinge na lalle, ko bini-da-zugu, ko dakwara yana ɗaukar lokaci kafin ya haɗe, amma ba a satarsa kamar waya, wasu ma suna da abin sayarwa.

Kuɗi da riba

Nauyin wannan tsari yana zuwa ne a farko, kuma akasarinsa ƙwadago ne. Haƙar tassa a hekta guda tana cin kimanin awa 300 na aikin mutum. Sa'ar da aka yi ita ce aikin na rani ne, lokacin da ma'aikata suke samuwa. Ribar kuma tana zuwa daki-daki. Huɗa a gicciye da tassa suna nuna amfaninsu a daminar farko. Zogale yana ba da ganye a cikin shekarar da aka dasa shi, gwaba bayan shekara biyu zuwa uku, mangwaron aure bayan uku zuwa huɗu, dakwara kuma tana fara ba da ƙaro bayan huɗu zuwa biyar. Bashin banki mai wa'adin shekara guda bai dace da dashen itatuwa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar wake, da gyaɗa, da kayan lambu, da kaji su riƙe gonar har itatuwa su kawo ƙarfi.

Saboda jarin yana nutsewa ne a cikin ƙasa, ba a iya ɗauke shi a tafi da shi, batun mallaka yana gaba da komai. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Filaye ta 1978, gwamnan jiha ne yake ba da takardar shaidar mallaka, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin mallaka na gargajiya a filayen karkara. Wanda zai yi wannan aiki a gonar aro ko haya yana buƙatar rubutacciyar yarjejeniya mai dogon wa'adi. Ya kuma kamata a binciki ko burtali ko mashaya sun ratsa filin kafin a kafa shinge.

Ta fuskar tallafi, Bankin Duniya ya amince a watan Disamba na 2021 da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Babban Birnin Tarayya, da burin farfaɗo da hekta miliyan 1 na ƙasar da ta lalace.

Inda ake yin asara

Ba kowane fili ne yake karɓar kwarin tare ruwa ba. A gangarar da ta wuce kimanin kashi 15 cikin 100, jiƙa ƙasa da yawa yana iya jawo zaftarewa, don haka matakalai da itatuwa ne suka dace. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, ko a fadama, matsalar ita ce fitar da ruwa, kuma tare shi zai ruɓar da saiwa. Gwajin yana da sauƙi: a haƙa rami mai zurfin rabin mita, a cika shi da ruwa, a duba. Idan ruwan ya wuce kwana biyu zuwa uku bai nutse ba, kwari a wurin zai zama matattarar sauro. A jigawa mai rairayi kuwa ruwa yana nutsewa da kansa, ganuwar ƙasa ba ta tsayawa, abin da ake buƙata shi ne taki, da rufe ƙasa, da itatuwan tare iska. Haka kuma ba a haƙa kwari kusa da harsashin gini, ko masai, ko rijiyar sha.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara aiki daga ƙasan gona, inda ɓarna ta fi fitowa fili. Ruwan da ya taso daga sama da ƙarfinsa zai share duk abin da aka gina a wurin. Ana farawa ne daga layi mafi tsayi a sauko. Idan ruwan yana shigowa daga gonar maƙwabci, sai an yi magana da shi, haka ma wanda rarar ruwan za ta faɗa wa gonarsa.

Ya kamata kuma masu zuba jari su bambanta dabarun da aka gwada aka auna, irin su jeren duwatsu, da tassa, da huɗa a gicciye, da alkawuran da wasu masu sayar da kwasa-kwasai suke yi na gonar da ba ta buƙatar aiki. Kowace ganuwa tana buƙatar dubawa bayan babban ruwa, kowane kwari kuma yana cikewa da yashi sai an yashe shi.

Shawarar da masu koyar da tsarin suke bayarwa ita ce sabon mai gona ya ba da damina guda yana lura kafin ya yi babban aiki. Ya shiga gonar ana cikin ruwa ko da zarar an ɗauke, ya ga inda ruwa yake shigowa, da inda yake taruwa, da inda yake fita, ya kafa alama. Ya tambayi tsofaffin manoman wurin iyakar da ambaliya ta taɓa kaiwa. Da kaka ya auna layukansa, da rani ya gina biyu ko uku na sama a wani yanki kaɗan, ya bar wani yanki makamancinsa yadda yake, ya rubuta kuɗin da ya kashe da buhunan da ya samu a kowanne. Wannan lissafi na gonarsa ne zai nuna masa ko ya faɗaɗa aikin zuwa sauran filin a rani mai zuwa.